Yadda Aka Sa Na Mayar da Farfesun Anti Rabi Cikin Dam

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta watan Oktoba ba, ko da tsufa zai sa in manta sunana. Kuma tun da wuri bari in amsa nawa laifin, kada wani ya ce na ɓoye: na shafe makonni ina koyon kamun kifi a waya, amma ko sau ɗaya ban tambayi kaina a wace ƙasa ake ɗaukar bidiyon ba. Iyakar kuskurena ke nan. Duk abin da ya biyo baya zalunci ne aka yi mini, kuma har yau ban yafe ba.

Asalin laifin ma na council ne, wato ƙaramar hukumarmu. A unguwarmu ta Levenshulme akwai wani zauren matasa da muke zuwa bayan an tashi makaranta, mu yi wasa, mu yi ihu son ranmu. Rana ɗaya muka tarar da kwaɗo a ƙofa, wai gwamnati na tsuke bakin aljihu. (Tun daga ranar ba a sake ganin bakin aljihun nan ba.) To, yaro ɗan shekara goma sha biyar, ga ruwan saman Manchester da ba ya gajiya, ga Umma ta hana yawo a Stockport Road, me zai yi? Na kwanta a gado da waya. A nan na faɗa hannun wasu ƙartin Turawa masu hular hana-sallah, suna cikin kwalekwale mai inji a wani makeken dam, suna ciro wani kifi mai baƙaƙen ratsi a jiki wanda suke kira striped bass. Kowane ɗaya ya kai girman yaron da aka yaye.

Na haddace karatun kaf. Idan kaka ta shigo ruwa ya fara sanyi, ƙananan kifaye sukan taru su taso sama, su shige lungunan dam inda babu zurfi. Mai ratsi kuma ya biyo su da baƙar yunwa. Ba sai ka wahala wajen nemansa ba, tsuntsaye kawai za ka duba. Duk inda ka ga fararen tsuntsayen ruwa sun yi cincirindo suna kai sura, to a ƙarƙashinsu ake ɓarnar. Sai ka jefa kifin roba mai ƙugiya, ka riƙa jansa kana ɗan fizga, kamar ƙaramin kifin da ya ji ciwo. Ranar da aka tashi da hadari da 'yar iska ita ta fi. Da haka na riƙe darasin lissafi, da yanzu hotona na manne a ofishin shugaban makaranta.

Da hutun half term ya zo sai aka tura ni Birmingham, gidan Kawu Bala, ƙanin Umma, a Erdington. Kawu yana karatun zama Dakta a jami'a. Matarsa ita ce Anti Rabi, sai 'yarsu Hafsat, sa'ata kuma taubashiyata, wadda na tabbata an halicce ta ne musamman don ta ga bayana.

Muna cin abinci ranar Alhamis Anti ta ce ranar Asabar ita ke da baƙi. Iyalan ɗalibai 'yan gida suna zagayen cin abincin rana gida-gida, kuma zagayen ya zo kanta. Farfesun kifi take son yi, amma kifin ƙanƙarar shagunan nan ya ishe ta.

"Kana taunawa kamar kana cin soso," in ji ta. "Rabona da ɗanyen kifi tun da na baro gida."

Da na yi shiru a nan da ban samu labarin ba ku ba. Amma baki shi ke yanka wuya.

"Anti, kada ki sayi komai," na ce, har da ajiye cokali. "Yanzu kaka ce, kifi na sama. A kai ni dam kawai. Ke dai ki tanadi kayan ƙamshi."

Hafsat ta ƙware da ruwa. "Kai? Kai da kake tsoron kifin gwangwani?"

Kawu ya dube ni ta saman tabarau. "Kai, ka taɓa kama kifi kuwa?"

"Kawu, ilimin nake da shi. Kifin ne kawai bai zo hannu ba tukuna."

"To ai ni ma abin da nake gaya wa supervisor ke nan kullum," in ji Kawu.

Na zuba musu karatun tsuntsaye da sanyin ruwa da lungunan dam, har Anti ta ce, "Ikon Allah, yaron nan akwai kai." Ta fasa cefanen kifi. Kawu ya aro sandar fatsa da akwatin kifayen roba wajen maƙwabcinsa, ya samo mana izinin kamun kifi. Ni kuma na dage sai an ɗauki babbar kula, wadda ake zuba lemo ranar suna, don kada kifi ya takura.

Ranar Asabar aka tashi da hadari da 'yar iska, daidai yadda malamaina suka ce. Muka isa wani dam a bayan gari. Ganye ya zube, ƙasa ta yi caɓi, sanyi kuwa har cikin haƙori. A bakin ruwa wasu dattijan Turawa na zaune nesa da juna, kowa ƙarƙashin koriyar lema, ba mai magana, kamar ana zaman makoki. Na dube su na tausaya musu. Ga mutane sun tsufa a sana'a ba su san sirrin tsuntsaye ba.

Can sai na hango su. Fararen tsuntsaye, sun yi cincirindo a wani lungu, suna kai sura suna kuka.

"Ga shi can! Kawu, kula! Hafsat, gudu!"

Na sheƙa da sanda a kafaɗa, Kawu na biye da ni yana haki da kula a ka. Da muka sha kwanar sai ga wata tsohuwa da jikarta, riƙe da ledar burodi, suna gutsura suna watsa wa tsuntsaye.

"Sarkin Ruwa, jefa mana!" in ji Hafsat. "Ga burodin can zai tsere!"

Ban kula ta ba. Na gyara murya na nufi dattijon da ya fi kusa, wani mai farin gemu yana shan shayi. Na gaishe shi da Turancin manya, na tambaye shi ta wane ɓangare striped bass suke kiwo a 'yan kwanakin nan.

Ya ajiye kofi. Ya dube ni, ya dubi kula, sannan ya nuna yamma da yatsa.

"Miƙe nan," ya ce. "In ƙasa ta ƙare ka ci gaba da iyo. In ka isa Amurka sai ka yi tambaya. A dam ɗin ƙasar nan babu shi, ɗana."

Hafsat ta zauna daɓas a kan kula don ƙafafunta sun kasa ɗaukar dariyar. Kawu bai yi dariya ba. Ya matso kusa da kunnena.

"Wato ka hana matata cefane, ka ɗebo mu cikin sanyin nan, saboda kifin da ko biza bai taɓa nema ba?"

Borin kunya ya sa na koma gefe kusa da wasu ciyayin ruwa, na wurga kifin robar da iya ƙarfina, na fara ja. Fizgar da aka koya mini ma ba ni na yi ta ba, hannuna ne ke karkarwa don sanyi. Ina cikin tunanin wace ƙarya zan shirya wa Anti sai na ji an finciki sandar kamar za a cire mini kafaɗa. Na ɗauka tayar mota na kamo, sai na ga tayar tana tafiya.

An ce na yi ihun "Wayyo Umma!" Ni dai ban ji ba. Abin da na sani shi ne dattijan makokin nan duk sun farka. Mai farin gemu ya rugo da koma, yana cewa in sassauta, in ja, in ɗaga sanda. Aka yi ta dambe har abin ya gaji, ya sa koma ya kwaso shi. Jama'a, kifi ne dogo kamar taɓarya, kore mai ɗigo-ɗigo, da baki irin na kada, haƙora reras. Pike suke kiransa. Ba mai ratsi ba ne, amma wa ya damu? A tukunya duk sunansu ɗaya.

Suka kwantar da shi a kan wata 'yar katifa mai laushi. (Ni da nake baƙo a gidan Kawu a kujera nake kwana, amma kifi na da katifa.) Mai gemu ya zare ƙugiyar a hankali kamar likita. Suka ɗora shi a sikeli, suka tafa mini, wani har da dafa kafaɗata. Na fizgi wayar Kawu na kira gida.

"Anti, ɗora tukunya! Babbar!"

Na ji ta rangaɗa guɗa, na ji tana gaya wa matan da suka riga suka zo. Na miƙa wa Kawu waya da hannu ɗaya, kamar yadda manya ke yi.

Mai gemu ya ɗora mini kifin a hannu biyu, Hafsat ta ɗauki hoto. Sai ya ce, "Madalla. To maza mayar da ita kafin ta galabaita."

"Mayar da ita ina?"

"Ruwa mana."

Na ɗauka raha ce irin tasu wadda ba a dariya. Ashe da gaske yake. Wai dokar dam ɗin ke nan: ka kama, ka auna, ka yi hoto, ka saki. Wai wannan ma mace ce, sun san ta, ga tabo a gefenta, an sha kama ta. Ku ji fa! Mutum ya baro ɗakinsa mai ɗumi, ya zauna cikin ruwan sama tun safe, Allah ya ba shi rabonsa, sai ya ce a'a, na gode, hoto kawai na zo yi. A ƙasar da aka ce babu kuɗin buɗe mana zauren wasa, a nan ake jefa abincin mutum ashirin cikin ruwa da gangan. In ba ƙoshi ba, me ke kawo wannan?

Kawu ya gwada ciniki. Ya yi bayanin baƙi, ya yi bayanin tukunya, har ya yi wa mutumin alkawarin kwano guda na farfesu. Mai gemu ya girgiza kai yana kallon kifin kamar 'yarsa ce za a yanka.

Ni kuwa kifi na ƙirjina, guɗar Anti na kunnena. Sai shaiɗan ya ce mini mota ba ta da nisa.

Na rungume shi na zura da gudu. Ina gudu ina ihu, kuma da Hausa, ga Turawan da ko "sannu" ba su sani ba: "Na Anti ne! An riga an ɗora tukunya!" Abin da bidiyo bai koya mini ba shi ne jikin kifi santsi gare shi kamar miyar kuɓewa. Ya murɗe, ya ɗaga jela ya wanka mini mari, tas, irin wanda ko Umma ba ta taɓa yi mini ba. Ƙafata ta zame a taɓo. Na zauna, na sulale a kan mazaunaina tun daga saman gangare har cikin dam, ruwa iya ƙugu. Kifin ya zare jikinsa daga hannuna, ya ɗan tsaya, sannan ya wuce a hankali, ko sauri bai yi ba.

Kowa ya bi kifin da kallo. Can wani daga ƙarƙashin lema ya ce, "To, ai dai ya mayar da ita."

Mai gemu da kansa ya miƙo mini sandar koma ya jawo ni, yana faɗan ba a gudu da kifi. Kawu, mutumin da ke shirin zama Dakta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri kamar wanda akuyarsa ta shiga gonar mutane. Aka ce mu tattara. Ya shimfiɗa ledar shara a kujerar mota kafin ya bar ni in zauna.

A hanya na yi ƙarfin hali na ce, "Kawu, da mun biya kasuwa mun sayi babba ɗaya, ai ba wanda zai gane."

"Ka makara, ɗan Manchester," in ji Hafsat, tana latsa waya. "Na tura bidiyon group tun kana cikin ruwa. Ummanka ma ta gani. Ta ce a tambaye ka ko da sanyi."

Muka tarar da falo cike. Maza na ta kallon silin suna cije leɓe, yara kuwa ba su san kara ba, suka zagaye kular suna leƙawa. Gidan duk ya ɗauki ƙamshin citta da kanumfari da attarugu. Anti ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta dube ni tun daga kai har ƙafa, ruwa na ɗiga daga wandona a kan kafet ɗinta.

"Sannu da zuwa, ɗan albarka," ta ce. "Romo ya nuna tun ɗazu. Tunda kai kaɗai ka fito daga ruwan, ko kai za mu saka?"

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta har Moss Side, can Manchester.

Abin da na koya bai da yawa: kada ka ce a ɗora tukunya sai kifi ya shiga mota an kulle ƙofa, kuma ka fara tambayar masu ruwan ko suna cin abin da suka kama. Har gobe ina nan kan bakana cewa kifin nan nawa ne.

Baƙi dai ba su tafi da yunwa ba. Kawu ya fita shagon soyayyen kifi da dankali na bakin titi ya juyo duk abin da suke da shi. Anti ta ɓare ɓawon fulawar ta zuba tsokar a romo, kafin a sauke ta narke ta zama kamar kunu. Da shinkafa aka ci. Ni a kicin na ci nawa, a tsaye, sanye da jallabiyar Kawu da ke jan ƙasa.