Rasuwar Sarkin Baka, Maus ɗin Bakoji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama da ya rasa abin dafawa, Malam Bakoji mai cajin waya na bakin tashar Birnin Gwari yana sanar da 'yan uwa, abokan wasa, har da maƙiyan da suka ji daɗi, rasuwar linzamin kwamfutarsa, wato baƙin maus ɗin nan da aka fi sani da Sarkin Baka. Ya cika ranar Talata da hantsi, bayan jinyar kwana biyu a cikin buhun shinkafa.

Marigayin ɗan gwanjo ne, ba a san iyayensa ba. Daga Kaduna aka zo da shi, kuma shekara huɗu ya yi yana wasan harbe-harbe na kwamfuta a hannun Bakoji. A yankin da ƙarar bindiga ba abin dariya ba ce, shi kaɗai ne ya yi harbi ba adadi bai taɓa sa wata mace takaba ba. Magana ba ta dame shi ba. Iyakarsa ƙas, in abin ya yi zafi ƙas-ƙas, sai ka ga abokin gaba ya kwanta.

Babban halinsa shi ne natsuwa. Masu wasa suna da abin da suke kira sensi, wato yawan juyawar da bindiga ke yi a fuskar kwamfuta idan hannu ya motsa. Nu'uman na Tabanni, babban abokin hamayyar Bakoji, nasa sensin sama yake: ya ɗan karkata wuyan hannu, sai bindiga ta zagaye duniya ta dawo. Marigayin kuwa ba ya wannan rawar kai. Sai an ja shi da dukkan damtse, yadda Bakoji ya saba kaɗa sanda lokacin yana bin shanun mahaifinsa a gefen daji. Shi ya sa duk faifan maus na kanti ya yi musu kaɗan, aka shimfiɗa musu ƙirgin saniya a kan tebur. Da wannan hali suka riƙe kambin gasar matasan gari shekara uku, Nu'uman yana cizon yatsa.

To, halin nasa na kirki shi ne ajalinsa. Ran Lahadi Bakoji yana atisayen wasan ƙarshe da zai kara da Nu'uman Asabar mai zuwa, sai maiɗakinsa Zakiyya, telar mata, ta kawo masa fura. Mace mai tarbiyya ba ta ajiye wa miji abinci a hagu, don haka ta ɗora ƙwaryar a kan kujera, daidai hannun damansa. Abokin gaba ya ɓullo ta baya, Bakoji ya kaɗa hannu iya ƙarfinsa, tebur ya ƙare, marigayi bai ƙare ba. Tsulum! An tsamo shi da gaya a kowace kafa. An goge, an hura, an binne shi a shinkafa don ta tsotse danshin. Da aka jona shi ran Talata, jar wutarsa ta ƙifta sau biyu, kibiyar da ke fuskar kwamfuta ta yi ta makyarkyata, ta rarrafa da kanta zuwa kusurwa, ta tsaya.

Abin da ya fi ƙona ran Bakoji shi ne marigayin ya tafi da sirrinsa. Mai shi na farko ne ya saita masa lambar saurinsa a cikinsa, kuma ba wanda ya taɓa tambayar ko nawa ce. An kawo sabon maus ya gaje shi, Bakoji ya auna kan abokin gaba, ya harbi gajimare. Ya rage sensi, ya harbi takalminsa. Wallahi har ƙwalla ya yi. Nu'uman ya aiko da ta'aziyya mai tsawo, a ƙarshenta yana tambayar ko Asabar tana nan.

Marigayin ya bar kibod ɗaya mai haruffa huɗu da suka goge, da abin kunne mai ji ta gefe guda, da batirin sola mai yawan suma, da kuma ƙirgin nan. Ya kuma bar Zakiyya, wadda kwana uku maigidanta yana amsa gaisuwarta da ka kawai.

Ita ce ma ta gano wasiyyar. Ta zo share tebur jiya, sai ta ga wata hanya mai sheƙi a kan ƙirgin, inda marigayin ya sha kai da komo har fatar ta sule. Ta tambayi maigida ko mene ne wannan. Da ƙyar ya buɗe baki ya ce daga wannan baki zuwa wancan, juyawar bindiga ce ta kallon baya. Ta zare tef ɗin awo daga wuyanta ta gwada: inci goma sha ɗaya da rabi. Ta zauna kusa da shi, yana rage sensin magajin a cikin wasan, tana awo kamar mai yanka riga, har bindiga ta juya baya cif a kan inci goma sha ɗaya da rabi. Harbin farko ya sami kai. Bakoji ya daɗe yana kallon tef ɗin, sannan ya tambaye ta ko akwai sauran fura.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a bayan la'asar, a gindin mangwaron bayan shago, cikin gwangwanin madara. An cire wayar marigayin don ɗaure ƙyauren shago, ladan ya riƙa isa gare shi. Za a karɓi gaisuwa har zuwa safiyar Asabar. Daga nan kuma Nu'uman ya taho da wuyan hannunsa, ana jiransa.

Masu kawo fura wurin zaman makoki, iyalan mamacin sun yafe ladabi. Don Allah a ajiye ta hagu.