Gwarzon Faifan Kunnen Zinariya

Ba kowace unguwa ce Allah ya yi wa baiwa da mutum irin Kunnen Zinariya ba. Da rana yana sayar da kan famfo da bututu a shagonsa, amma wannan sana'ar hannu ce kawai. Sana'ar kunnensa ita ce kiɗan rok, mai jita da ganguna da ihu, musamman na 'yan indi, wato mawaƙan da ba su da kamfani, ba su da gata, galibi kuma ba su da masu sauraro. Laƙabin ma shi ya raɗa wa kansa, don kada ya wahalar da jama'a.

Duk ƙarshen shekara yakan jera fayafayai goma da suka fi burge shi, ya karanta wa iyalinsa a falo daga na goma zuwa na ɗaya, yana ɗan dakatawa domin a samu damar yin mamaki. Ma'auninsa ɗaya ne, kuma ba ya faɗarsa sai ya ɗaga yatsa: "Waƙar da kowa ya sani ta mutu. Ni ba na bin jama'a. Jama'a ce ke bi na, ita ma daga nesa."

Bana sai wani gidan rediyo ya gayyace shi ya karanta jerin kai tsaye. Karo na farko ke nan da hukuncinsa zai fita daga falo, kuma ya ƙudura cewa duniya za ta ji sunan da ba ta taɓa ji ba. Gwarzonsa faifan wasu samari uku ne da suka naɗa a garejin mota. Ya tabbata ban da iyayensu, shi kaɗai ya san da su.

Da safiyar ranar ya saka rigarsa ta fata, ko da yake rediyo ba ya nuna mutum. Yana ɗaura agogo sai ya jiyo surukarsa tana guga, tana rera amshin waƙar samarin garejin. Ya ja matarsa gefe.

"A ina Mama ta ji wannan?"

"A tallan sabulun wanki mana. Kullum sai an sa. Har kai take kaɗawa."

"Sun sayar da kansu," in ji shi cikin jimami. "Da ma na fara jin warin kasuwa a jitarsu." Ya soke su, na biyu ya hau.

Na biyun ne ya tarbe shi a tasi, direba yana buga sitiyari da tafin hannu. "Yallaɓai, ka san wannan? Duk tasharmu ita muke ji." Ya soke. Na uku kuwa a ɗakin jira na gidan rediyon ya cim masa, daga wayar mai shara. Na huɗu bai yi laifin komai ba, amma ya daina yarda da shi. Wa ya sani ko a wurin aski ake kunna shi?

Da ya zauna gaban makirufo ya karanta ragowar da murya mai nauyi. Mai gabatar da shirin, mace mai fara'a, ta ce, "To, Yallaɓai, wane ne gwarzo?"

Nan ya tuna da wata ya da ƙanwarta, mawaƙa, da ya taɓa cin karo da sunan faifansu a mujalla. Ya ambace shi, ya gyara zama.

"Faifai ne da ba kowane kunne zai ɗauka ba. Waƙa ta uku ta sa ni hawaye a shago, har mai sayen bututu ya ba ni haƙuri. Jitar tana kuka kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, amma kuka ne na ilimi."

Mai gabatarwa ta dube shi, ta ce, "Ikon Allah! Yallaɓai, ai jiya suna zaune a kujerar nan da kake kai. Ƙanwar ta karye a hannu, ko waƙa ɗaya ba su naɗa ba. Sun ce sai baɗi."

Ta haka Kunnen Zinariya ya cika burinsa a gaban dubban masu sauraro. Ya naɗa gwarzon da babu wanda ya taɓa ji a duniya, har da shi.