Yadda Za Ka Sa Wa Bulalarka Wuta Ka Burge Surukinka

Idan sana'arka wasan bulala ce, kuma ka lura 'yan kallo sun fara latsa waya tun kana kaɗawa ta biyu, to gyara zama. Ka bi matakan nan bakwai, na yi maka alkawari ba mai sake duba waya a gabanka, sai dai in 'yan kwana-kwana yake kira. Ni mai aski ne, ban taɓa riƙe bulala ba. Amma katanga ɗaya ce tsakanin shagona da gidan Tsawa, wanda ya shekara goma sha huɗu yana wasan bulala a taruka, kuma duk abin da zan koya maka a kan idona ya yi shi.

Mataki na 1: Samo wanda zai ƙona maka rai

Ba a sa wa bulala wuta haka kawai. Tsawa na iya tsinke kan fure daga taku biyar, ya kashe kyandir bai taɓa shi ba, amma surukinsa mai sayar da katifa bai taɓa kiran wannan sana'a ba. Da zai buɗe sabon shago, sai ya aika a kira shi.

"Ranar buɗewa ka zo ka yi wa mutane wannan abin naka na korar jakai," in ji surukin. "In bai tara mini jama'a ba, Litinin ka ajiye igiyar nan ka zo ka fara ɗaukar katifa. 'Yata ba za ta tsufa tana gaya wa mutane mijinta iska yake duka ba."

"To, Baba," in ji Tsawa, kansa a ƙasa. Kai ma haka za ka ce. Fushin ka ajiye shi, zai yi maka amfani.

Mataki na 2: Guji waɗanda suka sani

Akwai masu wannan aiki na gaske, da kayansu na musamman da horonsu na shekaru. Kada ka je wurinsu. Za su dame ka da tambayoyi marasa kan gado: ina iska ke kaɗawa, me ke kusa da kai, waye zai riƙe ruwa. Tsawa a shagona ya gama karatunsa, a wayata, bidiyo ne na daƙiƙa arba'in. Ya so ya maimaita, data ta ƙare. Ya ce ba komai, ya gane.

Mataki na 3: Haɗa kaya, ka ɓoye wa matarka

Kana buƙatar tsumma, da kananzir, da 'yan sandunan tartsatsin nan da ake sokawa a kan kek. Tsumma kuwa ko'ina akwai shi in kana da almakashi. Matsalar ɗaya ita ce matar Tsawa nas ce, kuma a ɗakin masu ƙuna take aiki.

"Baban yara, ina gefen labulen falo?" ta tambaye shi.

"Ɓera ne."

"Ɓeran ne ke warin kananzir?"

"Ai ɓerayen yanzu ba abin da ba sa sha."

Ta dube shi, ta dubi labulen, ba ta ƙara cewa komai ba. In matarka ta yi irin wannan shirun, ka ɗauka ta yarda. Masu dogon tunani ba sa yin suna.

Mataki na 4: Gwada sau ɗaya tak

Gwaji da yawa na kawo tsoro. Tsawa ya gwada a tsakar gida bayan matar ta tafi aiki. Na ji "fuu!", na ji salati, can sai ga shi a shagona da gira ɗaya. Ya ce in daidaita masa. Na aske ɗayar. Tun daga ranar fuskarsa ta zama ta mutumin da aka gaya wa labarin mamaki, wanda kuma ya dace da mai wasa.

Mataki na 5: Zaɓi wuri mai kayan ci da wuta

Ƙofar shagon katifa, ƙarfe sha biyu na rana. Katifu jere hagu da dama cikin ledarsu, balan-balan a saman ƙofa, an gitta jan ƙyalle da za a yanka. Surukin na kan kujera a gaba da abokan kasuwancinsa. Ka sani cewa a tsakar rana ba a ganin wuta sosai. Tsawa ya ƙyasta ashana ya kunna tsumman da ya ɗaure a bakin bulalar, ya duba, ya ɗauka wutar ta mutu, ya kai yatsa ya taɓa. Ba ta mutu ba. Kada ka yi ihu. Ka mai da shi kirari.

Mataki na 6: Kada ka tsaya lokacin da ya kamata

Ya juya bulalar bisa kansa, ya sauke. Tas! Dunƙulen wuta ya tashi kamar kan mutum, tartsatsi ya watsu. Masu wucewa suka tsaya, masu babura suka kashe inji. Ta biyu, titi ya cika. Ta uku, Tsawa ya saci kallon surukinsa, ya ga tsohon ya saki baki, hannuwansa biyu sun ɗago suna neman haɗuwa.

Mai hankali nan zai rusuna ya tafi. Kai ba shi ba ne. Tsawa ya ce, "Baba, a ajiye almakashi, ni zan yanka ƙyallen!"

Ya yanka kuwa, tsaf, a tsakiya. Sai dai tsumman ya kwance daga bakin bulalar, ya yi sama, ya sauka a kan katifar da ta fi kowace kauri, wadda aka jingina a ƙofa don talla. Leda ta kama. Balan-balan suka shiga fashewa ɗaya bayan ɗaya. Jama'a suka ɗauka cikin wasan ne, suka kaure da shewa. Surukin na tsalle yana ihu, "Katifata! Jama'a, katifata!" wani a baya yana cewa tsohon ma ya iya wasa.

Sai nas ta ratso taron da babbar jakar da ta zo da ita. Ta zaro jar tukunyar kashe gobara da ta aro tun ranar labule, ta fesa wa katifar har ta mutu murus. Sannan ta juya ta fesa wa mijinta daga kai har ƙafa.

"Maman yara, ai ni ban kama ba!"

"Na sani," ta ce, ta ƙara masa.

Mataki na 7: Kira duk abin da ya faru nasara

Surukin ya daɗe yana kallon katifar, sannan ya dubi titin da ya cika maƙil, har wasu sun shige shago suna danna katifu suna tambaya.

"Jama'a dai ka tara, ban musa ba," ya ce. "Ka riƙe sana'arka. Na roƙe ka, ka riƙe ta da kyau, kada ka sake kusantar shagona ko da sallama."

Da la'asar aka kai musu ƙonanniyar katifar gida, wai kyauta. A falo aka shimfiɗa ta, kuma a kanta Tsawa ya yi mako uku, nas na ɗaki ta sa sakata. Bulalarsa da ta ƙwace ta mai da masa daga baya, amma ashanar gidan yanzu a jakarta take, da ita take tafiya aiki. Da ya zo aski na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya dube ni ta madubi, ya ce, "Kai ba ka ga hannun Baba ba? Saura kaɗan fa ya tafa."

Sanarwa: Duk wanda ya bi matakan nan ya ƙone, ko ya ƙona wani, ko aka kore shi daga ɗaki, shi ya jiyo. In hukuma ta tambaye ka inda ka koya, ban san ka ba, ban iya rubutu ba, kuma ranar ma ba na cikin gari.