Jarkar Tsimin Salwa

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na je Kwatarkwashi gaishe da Alhaji Mu'azu, mahaifin Rabi da nake nema. Wata uku ke nan da manyana suka kai gaisuwa, shi ko bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai Rabi ta tsegunta mini cewa zawo ya kama salwar da yake kiwo, kullum sai an kwashe matattu, har barci ya gagare shi. Na ce a raina, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Wani malamin dabbobi a Gusau ya koya mini dabara: a jiƙa dusa da garin masara da ruwan tsamin kamu kwana uku, idan ya tsima a ba tsuntsaye, yana gyara musu hanji. Ya ja mini kunne sau biyu: "Kar ka ɗaure murfin, bar shi ya riƙa numfashi." Na ce to (ni da ko kaza ban taɓa kiwo ba, amma a waya na riga na gaya wa Rabi ni gwani ne).

Ranar tafiya warin ya dame ni. Ga sabuwar shadda, ga turare, ina zan shiga gidan surukai ina tsami? Na juye jiƙon a jarka, na naɗa leda a baki, na murɗe murfi iya ƙarfina, na ɗaure a bayan babur tun daga Tsafe, cikin tsakar rana.

Ina sauke ta gabana ya faɗi. Jarka ta kumbura kamar cikin akuya, tana ɗan tsaki. Na so in lallaɓa da ita bayan gida, sai ga Alhaji ya fito cikin farar babbar riga, da ƙannensa biyu, za su masallaci.

"Mi ka kawo muna?" in ji shi.

"Maganin salwa ne, Baba. Bayan salla sai a duba."

"A'a, buɗe in gani. Ko yau shidda sun mace."

Na durƙusa, zuciyata na cewa gudu. Shi kuma ya sunkuyo don ya gani da kyau. Na murɗa kaɗan.

Murfin dai a kan rufin zaure aka tsince shi. Dusa tun daga gemun Alhaji har aljihu, hula ta yi nata wuri. Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi kashe ni ke nan. Inna, mahaifiyar Rabi, ta leƙo ta ce, "Wane mara wayo ya toshe tsimi? Ko ɗiyar goye ta san wanga!" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na hau babur na tafi, na tabbata aure ya tashi tare da murfin.

Ashe Inna ta kwashe ragowar ta zuba wa salwa, ta ci gaba da jiƙa musu a kwarya. Bayan sati biyu Alhaji ya aiko in zo.

"Zawo ya tsaya," ya ce, bai ko kalle ni ba. "Na ba ka Rabi. Amma in ta yi hushi, ka bar ta ta faɗi. Na ga aikinka da murfi."

Shekararmu huɗu yanzu. Duk sanda ta fara tsaki, nakan matsa baya in yi shiru, don ni na san abin da toshewa ke jawowa.