Yadda Za Ka Tura wa 'Yarka Kuɗi Masar ta Banki

Kai mai ɗan'uwa a ƙasar waje, matso kusa. Ka bi matakan nan sau da ƙafa, na ba ka tabbaci cikin kwana tara za ka haddace sunan kowane ma'aikacin bankinku har da mai gadi, tumbinka kuma ya zube ba magani. An gwada su a kan Malam Zulkifilu, direban tifa a wurin fasa dutse na Mpape a Abuja, wanda 'yarsa Rumasa'u ke karatun jinya a Alƙahira. Saura kwana goma a rufe rajistar jarrabawarta ta ƙarshe. In ba a biya ba, sai ta maimaita shekara.

Mataki na 1: Ka tafi da kyakkyawan zato

Kuɗin guminka ne, suna asusunka, 'yar kuma taka ce. Don haka ka ɗauka aikin minti ashirin ne. Zulkifilu ma cewa ya yi da ogansa zai dawo kafin lodi na biyu. Bayan awa uku a layi, wata ma'aikaciya mai suna Sandra ta miƙo masa fom mai shafi huɗu.

"Baba, ina bil na wuta?"

Mataki na 2: Ka tabbatar a gidanka kake zaune

Gidan Zulkifilu ba lamba, ba mita. Gida shida ne ke jan wuta daga wurin maƙwabcinsa Obadiah. Washegari sai ya kawo bil ɗin Obadiah.

"Wannan ba sunanka ba ne, Baba."

"Ai wutar ɗaya muke sha, 'yata."

"Kwamfuta bai san maƙwabci ba. Ka kawo wasiƙa na mai unguwa."

Mai unguwa kuwa ya tafi biki Kuje. Kwana biyu. Ka riƙe wannan ilimi: a idon banki, wanda ba shi da mita bai gama zuwa duniya ba.

Mataki na 3: Ka rage yawanka

A BVN an rubuta Zulkifilu, a NIN Zulkifli, a lasisin tuƙi Zulkiflu. Sandra ta jera katunan a kan tebur.

"Mutum uku ne a nan. Wanne ne kai?"

"Duk ni ne."

Kada ka taɓa ba da wannan amsar. Ita ta kai shi kotu, inda ya yi rantsuwa cewa shi ne shi, sannan ya biya jarida ta sanar da 'yan Nijeriya. Ranar ya dawo gida da magariba, bai yi lodi ko ɗaya ba. Oga ya bugo waya: "In ka ƙara kwana uku, Malam, wani zan ba motar."

Mataki na 4: Ka kawo shaidar kai ka haife ta

Zulkifilu ya ciro hoton Rumasa'u a waya, ya kara a gefen fuskarsa. "Dubi hancin."

Sandra ta yi dariya har ta rufe baki. "Hancin na yarda, Baba. Amma babu wurin hanci a fom."

Matarsa Iyatu ce ta tono takardar haihuwar a ƙasan akwatin kwanukanta. Da yammacin nan saƙon muryar Rumasa'u ya shigo: "Baba, kada ka damu, ko ba ta yiwu ba, ba komai." Ya saurara sau uku. Ya san muryar 'yarsa in ta gama kuka ta wanke fuska.

Mataki na 5: Kada ka tambayi farashin dala

Ta hau. Wuce kawai.

Mataki na 6: Ka karɓi yabo da hannu biyu

Rana ta tara fayil ya cika. Manaja, Mista Innocent, ya buɗe shafi bayan shafi yana gyaɗa kai.

"Malam, na daɗe ban ga fayil mai kyau irin wannan ba. Abu ɗaya ne kawai. Takardar biyan kuɗi ta makarantar kwana bakwai take aiki. Ta mutu shekaranjiya. Su aiko sabuwa, sai mu tura cikin kwana biyar na aiki."

"Ranka ya daɗe, gobe ake rufewa."

"Allah sarki," in ji manaja, ya kira na gaba.

Zulkifilu ya zauna a benci da fayil a cinya. Can sai Sandra ta yafito shi, ta juya bayan fom ɗin ta rubuta wani suna, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, ka je Zone 4 wurin 'yan canji, ka tambayi wannan mutumin. Ni ma ƙanina yana karatu a waje. Can nake zuwa."

Mataki na 7: Ka fita

Alhaji Maliki ɗan canji na zaune a kan tabarma ƙarƙashin bishiya, da waya biyu da filas ɗin shayi. Yayansa na sayar da yadi a Alƙahira. Zulkifilu ya fara zaro rantsuwar kotu da jarida.

"Mayar da su, Malam. Sunan yarinyar kawai da lambarta. Zauna ka sha shayi."

Zulkifilu ya tura kuɗin zuwa asusun Alhaji ta waya, Alhaji ya buga wa yayansa waya ɗaya. Ana kiran la'asar saƙo ya shigo: "Baba, an kawo min har ƙofar makaranta! Na biya!" Zulkifilu ya juya wa jama'a baya, ya cire hula, ya daɗe yana goge fuska da ita.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a hawan jininka, ko tsinkewar takalminka, ko fushin oganka. Bai san Sandra ba, bai taɓa zama ƙarƙashin wata bishiya ba, kuma in wani mai tabarma ya gudu da kuɗinka, kada ka ambaci sunan marubucin. In kuwa ka shiga banki aka tura maka kuɗinka a rana ɗaya, koma da sauri ka duba. Wataƙila na wani aka tura.