Rasuwar Mai Ƙaho Biyu, Akwatin Rezon Shagona

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ɗan guntun haushi, ni Alhaji Ɗanasabe mai shagon fotokofi da intanet na bakin tashar Magariya nake sanar da rasuwar Mai Ƙaho Biyu, akwatin nan mai eriya biyu kamar ƙaho da ke rataye bisa ƙusa yana raba wa injinan shagona rezo, wato sadarwar intanet.

Marigayin mai haƙuri ne. Kuran, wutar lantarki ke nan, ya tafi ya dawo, zai yi ƙit-ƙit, ya kunna koren idonsa, ya kama aiki. Tun da tsufa ya zo masa bai roƙi komai ba sai 'yar fanka guda da na ɗaure masa, don ba ya son zafi.

Ciwon ajali ya faro ne da na ce a gyara wayoyin shagon kafin lokacin tura dosiyen konkur, wato takardun shiga jarrabawar neman aiki, lokacin da mutanen Dungas da Mallawa ke cika mana benci. Surukina Rilwanu, da ke koyon aikin rezo a Damagaram, ya ce ba a taɓa waya sai an gwada tsarin cikin ordinatar, wato kwamfuta, da wani logisiyel, manhaja mai zana shago kamar gaske, kuma iri biyu ne. 'Yata Sadiya, matarsa, ta zaɓi mai sauƙi na masu koyo. Shi kuwa ya kafe a kan babba, wai shi ne na ƙwararru. Suka yi ta ja har tuwo ya huce. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma na san ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi. An ce in yi shiru, na yi.

Babban aka saka. Ordinatar Rilwanu ta ɗau zafi kamar tanda, sai ya kwance fankar marigayi ya juya mata. A tsakiyar bazara. Suna can suna murna zanen yana aiki, dattijo yana bisa ƙusa yana gasuwa. Ya yi tsiiii sau ɗaya, ƙauri ya tashi, ido ya rufe.

Ya bar injin buga takarda da ordinatoci huɗu, marayu, ba mai magana da wani. Ya bar ni ina kallon kiliyan ɗina, masu kawo mini ciniki, suna tsallaka titi zuwa shagon Manu abokin gasata, riƙe da dosiyensu.

Za a kai shi makwanci ranar kasuwa, wajen Bukar mai gwangwan, wanda ya yi alkawarin auna shi da mutunci. Zaman makoki a shago ne, benci duk babu kowa. Wanda bai samu ganin marigayi da rai ba, ya leƙa ordinatar Rilwanu. Yana nan cikin zanen, idonsa kore shar, fanka na kaɗa masa.