Yadda Na Share Gwalalon Kakanninmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara samarin garinmu muka share gwalalo ba, ko da tsufa zai kwashe min sauran tunanina. Har yau in na ɗauki tsintsiya a gida, sai matata ta kau da kai tana dariya.

A bayan ƙauyenmu, can wajen Bici, akwai wani kwari mai faɗi da ya yi zobe ya kewaye gonakinmu na gado. Mu gwalalo muke ce masa. Tun muna yara kakata Iya take gaya mana cewa ba ruwa ne ya ci wurin ba, kakanninmu ne suka haƙa shi don ya kare garinsu na farko. Ni na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Taubashina Tanko kuwa, na ƙauyen gaba, kullum cewa yake zaizayar ruwa ce kawai, mu ne dai da son girma.

To, bara waccan aka zo aka kakkafa turaku za a fitar da hanya, kuma ta kan gwalalon za ta bi, a cike shi da ƙasa. Iya ta shiga damuwa har abinci ya daina yi mata daɗi. Ni kuwa malamin firamare ne, kuma sakataren ƙungiyar gari (muƙamin da babu wanda ya ja da ni, don babu mai so). Na yi ta zirga-zirga har aka haɗa ni da Dakta Binta, mai binciken kayan tarihi a jami'a. Ta zo ta zagaya wurin tana sunkuyawa tana duban ƙasa, ta ce za ta dawo ranar Asabar da ɗalibanta. In ta samu shaidar cewa hannun mutum ne ya haƙa, za a iya karkatar da hanyar.

Nan fa kaina ya kumbura. Baƙi daga jami'a! Na je na dubi gwalalon da idon mai masauki, sai kunya ta kama ni. Ko'ina tsingaro, fasassun tukwane, toka, da wasu baƙaƙen duwatsu marasa kyan gani. A garinmu ko maƙwabci ne ya ce zai shigo, sai an share tsakar gida an yayyafa ruwa, balle Dakta guda. Na kira gayya. Samari suka fito da fartanya da manjagara, mata suka dama mana kunu. Muka kankare, muka share, muka loda tarkacen a mangala, jakuna suka kai bakin kududdufi aka zubar. Ni ne a gaba, hannu a ƙugu, ina cewa, "Kada na ga ko da ɓallin kasko!"

Ranar Asabar na zuba babbar rigata ta Sallah. Dagaci ya zo, liman ya zo, har Tanko ya taka ya zo kallo. Dakta ta sauko daga mota, ta tsaya a bakin gwalalo ta yi shiru. Ni a zatona kyawun aikin ne ya ɗaure mata baki.

Can ta ce, "Malam, ina tsingaron da na gani a nan?"

Na gyara wuyan riga, na ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ranki ya daɗe, ai mun kwashe sharar. A garin nan ba ma barin baƙo ya taka datti."

Wata ɗaliba ta dafe kai da hannu biyu. Dakta ta ce a hankali, "Sharar nan ita muka zo gani. Inda kowane tsingaro yake kwance shi ke gaya mana labarinsa. Baƙaƙen duwatsun kuma kashin maƙera ne, alamar an taɓa narka ƙarfe a nan."

Tanko ya riƙe ciki yana dariya har hularsa ta faɗi. "Taubashi, shekara aru-aru ruwa ya kasa kwashe su, kai ka gama da su kafin azahar!"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage na shige. Amma ba dariyar ce ta fi ci min rai ba. Iya na tuna, da katafilar da za ta zo ta binne mata gwalalo saboda tsabtar jikanta. Haka na ja su zuwa kududdufi, na durƙusa da babbar riga a kan juji ina tsince tsingaro, kaji na taya ni tono.

Dakta ba ta yi fushi ta tafi ba. Ta koma inda muka fi kankarewa, ta nuna wani layin baƙar ƙasa da ya miƙe tsakanin ja da ja. Ta ce, "Kun ɓata min sama, amma na ƙasa yana nan." (Har yau ina cewa sharar tawa ce ta fito da layin nan. Dakta ba ta taɓa amsa min ba.) Ita da ɗalibanta suka yanka rami a gicciye, suna tono a hankali kamar masu cire ƙaya. Da suka kai marmara sai ga gefunan gwalalon sun gangara daidai da juna, ga sawun dagi a jiki ɓaro-ɓaro, ga tushen ganuwa ta ɓangaren ciki. Ruwa ba ya riƙe dagi, wannan ko Tanko bai musa ba.

Aka ciccire turaku, hanya ta koma ta gabas. Na ɗauko Iya a bayan babur na kai ta. Muka riƙe ta ta sauka, ta sa yatsunta a cikin sawun nan, ta daɗe ba ta cire ba. Ta ce, "Ga hannunsu." Ban taɓa jin alfahari irin na wannan lokacin ba, har idona ya ciko. Sai ta juyo ta dube ni. "Su sun haƙa, kai ka share. Kowa da abin da Allah ya hore masa."

Tun daga ranar sunana ya koma Sarkin Shara, kuma ina amsawa da ƙarfi, don gwalalon yana nan. Sai dai yanzu in an ce baƙi za su zo, kafin na taɓa tsintsiya nakan tambaya ko me suka zo gani.